Ɓarɓashi a Jikin Ƙwallon Bolin

Duk direban da ke lodi a tashar Tudu a Accra ya san abin da ruwan sama na farko yake yi wa kwalta. Man da motoci suka zubar yakan taso, hanya ta yi santsi. Mota mai suɗaɗɗiyar taya sai ta riƙa zamewa, mai sabuwar taya kuwa ta kama ƙasa har ta isa Aflao lafiya. Wannan misali zai taimake mu mu fahimci wani wasa da ya fi shahara a Amurka, wato wasan bolin.

A wannan wasa ana jera sanduna 10 masu siffar kwalba a ƙarshen wani dogon layi. Daga inda ɗan wasa yake sakin ƙwallo zuwa sanda ta farko mita 18 ne da ɗan kai, faɗin layin kuwa ya ɗan wuce mita 1. Nauyin ƙwallon ba ya wuce kilo 7.26. Abin da ake so shi ne a gangara ƙwallo ta kayar da sandunan duka a jifa ɗaya.

Baƙo yakan ɗauka layin busasshe ne, amma ba haka ba ne. Ana shafa mai a wajen mita 12 na farko, a bar sauran a bushe. Asali an fara shafa man ne don a kare katakon layi. Saboda wannan mai, tafiyar ƙwallo ta kasu kashi uku. Da farko tana zamewa a kan mai. Idan ta isa busasshen wuri sai ta kama ƙasa ta yi kwana. Daga nan ta gangara sosai zuwa ga sanduna. Gwanaye sun fi son ƙwallo ta shigo a karkace, tsakanin sanda ta farko da wadda ke gefenta, domin ta haka sandunan suka fi kayar da junansu.

To, mene ne yake sa ƙwallo ta kama ƙasa? Babban dalili shi ne ɓawonta, wato fatar da ke taɓa layi. A da can, da itace mai tauri ake sassaƙa ƙwallon. A 1905 aka fito da ta roba, sannan wajen 1960 ta filastik ta shigo. A farkon shekarun 1980 aka soma yin ɓawo da wani sinadari mai suna yuretan, wanda ya fi filastik riƙo. A farkon shekarun 1990 kuma aka gyara shi ya zama yana da 'yan ramuka masu shan mai. A ƙarshen shekarun 1990 ne kamfanoni irin su Brunswick suka fito da ƙwallo mai ɓarɓashi.

Ga yadda ake yin ta. Kafin sinadarin ɓawo ya daskare, sai a zuba masa ɓarɓashin gilashi ko na tangaran ko na roba, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya rarrabe su. Idan aka goge ƙwallon, kawunansu sukan ɗan fito. Su ne suke ratsa mai su taɓa layi, kamar yadda zanen sabuwar taya yake ratsa ruwa ya taɓa kwalta.

Yawan ɓarɓashin yana canza tafiyar ƙwallo. Mai ɓarɓashi da yawa tana kama ƙasa da wuri, tun tana kan mai, kuma kwanarta a hankali take zuwa. Tana da amfani a layi mai mai da yawa, inda ƙwallo mai sulɓi za ta zame ta wuce. Mai ɓarɓashi kaɗan takan yi nisa kafin ta yi kwana. Amma ku lura, riƙo ma idan ya yi yawa ɓarna yake yi. A layi mai ƙarancin mai, ƙwallo mai kaushi takan ƙarar da juyinta tun a tsakiyar hanya, ta isa ga sanduna a gajiye. Shi ya sa gwani ba ya zuwa gasa da ƙwallo ɗaya. Yakan kuma goge ɓawon da sanfefa don ya ƙara kaushi, ko ya sa masa man gogi don ya rage.

Akwai wata matsala kuma. Irin wannan ƙwallo tana kwashe mai daga layi duk lokacin da ta wuce. Kafin a gama gasa, layin ya canza, kuma wanda ya zo daga baya ba zai tarar da abin da na farko ya tarar ba.

A nan ne maganar adalci ta shigo: gwanintar hannu ce ke cin wasa, ko kuwa kuɗin sayen ƙwallo? Tambayar ba sabuwa ba ce. A 1973 wani ɗan wasa, Don McCune, ya riƙa jiƙa ƙwallonsa a cikin sinadari don ɓawon ya yi laushi. Ya ci manyan gasa 6 a shekarar, daga baya aka kafa dokar taurin ɓawo. Hukumar wasan ta Amurka, USBC, wadda aka kafa a 2005, ta yi bincike ta bayyana sakamakonsa a 2008: kaushin ɓawo ya fi komai tasiri a kan tafiyar ƙwallo. Dokokinta sun iyakance taurin ɓarɓashin da za a zuba, don kada ya kankare layi. Daga 2020 kuma ta iyakance saurin shan man sababbin ƙwallaye.

Yau ba a cika jin sunan ƙwallo mai ɓarɓashi a kasuwa ba, domin kamfanoni sun koma ga sinadarai masu laushin gari fiye da na da. Amma dalilin bai canza ba. Kafin ɗan wasa ya zaɓi ƙwallo, sai ya fara sanin yawan man da ke kan layi, kamar yadda direban Tudu yake duban sama kafin ya dubi tayarsa.