Hawan Kibo a kan keke: abin da tudu ya koya wa ɗan Kano

 Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau a kan keke za mu yi magana, amma ba keken zuwa aike ko zuwa Islamiyya ba. Maganar doguwar tafiya ce, irin wadda mutum zai ɗaura jaka a kariya, ya bar gari, ya ratsa ƙauyuka da duwatsu. Tun da na sa hoton tafiyar da muka yi daga Jos zuwa Assop, tambaya ɗaya ake ta yi mini: wai ba ka mutu da gajiya ba? To amsar ke nan zan bayar yau. A taƙaice, na gano cewa tafiya a ƙasa mai tuddai ba ƙarfin cinya take buƙata da farko ba. Sanin giya take buƙata wajen hawa, da sanin birki wajen sauka. Kuma saukar ta fi hawan haɗari nesa ba kusa ba.

Ni a Kano na tashi, kuma duk wanda ya san Kano ya san shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. In ka cire Dala da Goron Dutse, babban tudun da mai keke zai haɗu da shi bai wuce gadar sama ba. Kano tana kan tsayin mita 480 ko kusa da haka daga saman teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Wannan bambancin shi ne sirrin sanyin Jos, domin duk mita 1,000 da ka yi sama, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6. Kun ga ke nan tsayi kaɗai ya ba Jos ragin digiri 4 zuwa 5 a kan Kano.

Mu biyu ne, ni da wani abokina ɗan Jos da ya daɗe yana wannan harka. Mun tashi bayan asuba, muka bi ta Bukuru, muka kai Mararabar Jama'a, muka ɗauki hanyar Abuja ta Riyom. Daga Jos zuwa inda ruwan Assop yake zubowa kilomita 60 ne da 'yan kai. A mota ba ka ganin komai sai kwalta, amma a keke sai ƙasar ta buɗe maka. Ka ga gonakin dankalin Turawa da acca da kabeji, ka ga gidajen Berom an kewaye su da shingen ƙerana, ka ga kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, sun cika da ruwa shar kamar tafki. A Riyom muka tsaya kallon duwatsun nan da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, waɗanda ake cewa siffarsu ta yi kama da taswirar jihar Filato. Har nan dai tafiya daɗi ce, hawa kaɗan, gangara kaɗan. Ina ta cika baki ina cewa ashe abin ma ba wuya.

Sai muka iso Hawan Kibo. Wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Abuja ya san wurin. Nan ne hanya take saukowa daga saman tsaunin Filato, doguwar gangara ce mai kwana-kwana, kuma an sha samun haɗurran manyan motoci a wurin. Abokina ya tsaya a sama ya fara yi mini bayani, ni kuwa kunnena yana wani wuri, domin a tunanina gangara ai hutu ce, ka daina murza feda kawai iska ta yi ta kaɗa ka.

Da keken ya fara gudu sai tsoro ya kama ni, na matse birkin baya, ban sake shi ba. Haka na yi ta tafiya yana ƙara ƙiii. Can sai na ji birkin ya fara laushi, ina matsawa amma keken bai damu da ni ba, ga kuma warin roba. Allah ya taimake ni abokina yana baya, ya daka mini tsawa: "Mutumina, haɗa da na gaba! Tsaya a gefe!" Na samu na tsaya da ƙyar. Ya ce in taɓa gargaren tayar baya. Wallahi ɗan yatsana kawai na kai, na janye da sauri kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta.

Ga abin da yake faruwa. Birki ba ya ɓatar da gudu haka kawai, mayar da shi zafi yake yi. A gari, ka matsa na daƙiƙa uku ka saki, ƙarfen ya huce. A doguwar gangara kuwa, nauyinka da na kayanka yana ta tura keken ƙasa, in ka riƙe birki ba saki, zafin taruwa yake yi a gargare. Robar birkin ta yi laushi ta daina kamawa, iskar da ke cikin tiyub ta yi zafi ta kumbura, har taya tana iya fashewa. Taya ta fashe maka a kwana, ga tirela a bayanka, kun san sauran labarin.

Don haka ga ƙa'idojin sauka da na koya a wannan rana. Kada ka ja birki a hankali na tsawon lokaci. Ka matsa duka biyun da ɗan ƙarfi har gudu ya ragu sosai, ka saki su huce, ka sake matsawa. Na biyu, birkin gaba shi ne mai tsayar da keke da gaske, saboda in ana rage gudu nauyi gaba yake komawa. Da yawanmu tun muna yara aka tsorata mu da shi, wai zai wuntsila mutum. Abin da ke wuntsila mutum shi ne fizgar sa lokaci guda. Ka matsa shi a hankali kana ƙarawa, ka ja ɗuwawunka baya a kan sirdi, ka ƙanƙame hannunka kada jikinka ya zame gaba. Na uku, ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, musamman in akwai yashi ko tsakuwa a gefen kwalta. Na huɗu, in gangarar ta yi tsawo ka riƙa tsayawa kana barin gargare ya huce. In kekenka mai birkin faifai ne, tayar ba za ta fashe saboda zafi ba, amma shi ma yana rage kamawa in ya yi zafi, kuma kada ka kuskura ka taɓa faifan. Hular kwano kuwa ba ado ba ce, ka sa ta ka ɗaure igiyarta.

Mun isa Assop lafiya, muka jiƙa ƙafa a ruwa mai sanyi, muka kwana a gidan wani ɗan'uwan abokin nawa a can ƙasa. Washegari abin da muka gangaro jiya shi ne ya tsaya a gabanmu yana jira.

To a nan ne maganar giya ta shigo, kuma ina so ku natsu, lissafi ne mai sauƙi. Idan aka ce tudu yana da hawan kashi 6 cikin 100, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba, ka ɗaga sama da mita 6. A ido ba wani abu ba ne. Amma mu ɗauka kana da nauyin kilo 70, keke kilo 15, kaya da ruwa kilo 10, jimilla kilo 95. A irin wannan tudu, kamar an ɗaura maka igiya ne a kariya ana jan ka baya da nauyin kilo kusan 6, kuma ba a sassautawa ko na daƙiƙa ɗaya. In hawan ya kai kashi 10, jan ya zama kilo 9 da rabi. Shi ya sa duk abin da ka sa a jaka ba tare da buƙata ba, a tudu za ka biya kuɗinsa.

Yanzu ku dubi keken iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix marasa giya. Farantin gaba yakan zo da haƙora wajen 44, firiwil na baya wajen 18. Murza feda zagaye ɗaya yana juya taya kusan sau biyu da rabi, wato ka ci ƙasa sama da mita 5. A hanyar Zariya ko Wudil wannan daɗi ne. A tudu kuwa azaba ce, domin kowane zagaye ɗaya sai ka tura kanka da kayanka tafiyar mita 5 a kan tudun. Keke mai giya irin na hawan dutse, in ka sa sarƙa a ƙaramin faranti mai haƙora 22 a gaba da babba mai 32 a baya, zagaye ɗaya bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Aikin bai ragu ba, tudun yana nan yadda yake, amma an yanka maka shi ƙanana-ƙanana, kowane taku ya yi sauƙi kusan ninki huɗu. Kamar buhun masara ne, wanda ya kasa ɗauka gaba ɗaya zai iya kwashe shi kwano-kwano.

Ni da na san wannan a baki, da muka fara hawa sai girman kai ya hana ni sauke giya. Ina ganin kamar abin kunya ne ƙafa tana ta juyawa keke yana tafiyar hawainiya. Na miƙe tsaye a kan feda na yi ta dannawa da ƙarfi, na wuce abokina. Ko minti goma ban yi ba numfashi ya ƙare, cinyoyi suka ɗauki wuta, na sauka ina haki. Shi kuwa ya zo ya wuce ni yana zaune abinsa, har da yi mini sannu.

Ma'aunin da ya ba ni shi ne wannan: ka zaɓi giyar da ƙafarka za ta riƙa juyawa sau 70 zuwa 90 a minti, kuma in ba ka iya faɗin jimla guda ba tare da yankewar numfashi ba, to ka yi sauri da yawa, ka sauke giya. Ka canza giya kafin tudun ya yi tsanani, kana sassauta danna feda lokacin canzawar, in ba haka ba sarƙa tana iya zamewa ko ta tsinke. Kada ka riƙa kallon ƙarshen hawan, ka zaɓi wata bishiya ko wani dutse a gaba, in ka kai ka zaɓi wani.

Kuma turawa ba abin kunya ba ne. A tsakiyar hawan muka haɗu da wani dattijo yana tura tsohon kekensa da damin itace. Na ce, "Sannu Baba, ina gajiya?" Ya amsa, ya dube ni ina zufa, ya ce, "Yaro, in ya ɗauke ka a gangara, kai ma ka ɗauke shi a hawa, ai zaman amana ke nan." Daga nan duk inda ya fi ƙarfina sai in sauka in tura, hankalina kwance.

Sai maganar ciki. Sanyin Filato yana yaudara, ba ka jin ƙishi amma zufa tana fita. Ka riƙa kurɓar ruwa akai-akai, aƙalla rabin lita a awa, fiye da haka in rana ta yi. Abincin da jiki ya ajiye don aiki mai ƙarfi yakan ƙare cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan sai jiri da rawar ƙafa. Kada ka jira yunwa. Dabino, ayaba, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, biredi, duk suna aiki, kuma ba su da nauyi. In ka yi zufa da yawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri za su dawo da kai hayyacinka.

A jaka kada a rasa famfo, tiyub na ko-ta-kwana, faci da sholisho, sifana, robar birki sabuwa, fitila, rigar sanyi da ta ruwa, da katin shaida. A ƙauye mai faci yana iya yin nisa, kuma ba lallai ya san keke mai giya ba. Ka koyi yin faci da ɗaure birki tun a gida.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duka muhimmanci, tsaro. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yankunan Riyom da Barikin Ladi sun sha fama da hare-hare da rikici. Kada ka ɗauki keke ka faɗa hanya don ka ji ni a nan. Ka tambayi 'yan gari halin da ake ciki a wannan makon, in sun ce a dakata, ka dakata. Ka tafi da wanda ya san ƙasar, ka tsaya a babbar hanya, ka gama tafiya kafin la'asar ta yi sanyi, kuma wani a gida ya san inda kake. A shingen jami'an tsaro ka sauka ka gaisa. Kada ka ɗauki hoton mutum ko gida ba izini, kada ka ratsa gonar kowa. Hausa za ta kai ka kusan ko'ina a wannan hanya, amma gaisuwa da ladabi su ne suke buɗe ƙofa. Wajen lokaci kuwa, damina a can tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma jiƙaƙƙen gargare ba ya kama birki da kyau. Ƙarshen damina, kafin hunturu ya kankama, shi ya fi daɗi, ƙasa tana kore, sama a washe.

Wanda yake sha'awa, kada ya fara da Hawan Kibo. Ka fara da kilomita 20 a garinku, ka ƙara zuwa 40, ka nemi ɗan tudun da ke kusa da ku ka yi ta hawa kana sauka har hannunka ya saba da giya da birkin gaba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mun koma Jos da yamma, muka zauna wurin mai shayi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Abokina ya tambaye ni ko zan sake. Na ce masa zan sake, amma sai na canza robar birki tukuna.

A nan za mu dakata. A shiri na gaba in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓen keke na hannu a kasuwa ba tare da an cuce ka ba.