Buhun Hatsi Da Ruwan Baftisma: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Duk sanda wata cocin Katolika ta raba hatsi a unguwa, ko ta kira likitoci su duba marasa lafiya kyauta, sai zance ya tashi a majalisu da zaurukan WhatsApp. Wasu su ce ba a ba mutum mudu ɗaya sai ya bar addininsa, wasu su ce ana tsoma mutum a ruwa nan take a sauya masa suna. A cikin maganganun nan akwai tsaba, akwai kuma ƙaiƙayi mai yawa.

Zancen da ya fi yawo shi ne cewa taimakon ƙugiya ce ta jawo mutane. Dokar cocin kanta ta haramta hakan. Babban taron Vatican na biyu, wanda aka kammala a 1965, ya hana tilasta wa kowa shiga addinin, ya kuma hana yaudara ko kwaɗaitar da mutum da abin duniya. Sashe na 748 na kundin dokokin cocin na 1983 ya nanata haramcin tilastawa. A wasiƙarsa ta farko ga mabiya, mai ɗauke da kwanan watan Disamba 2005, Paparoma Benedict na 16 ya ja kunne cewa kada a mai da sadaka hanyar farautar mabiya.

Misalin kusa yana Adamawa. A 2014, da Boko Haram ta kama Madagali da Michika da Mubi, dubban 'yan gudun hijira sun kwarara Yola, harabar babbar cocin St. Theresa ta zama masaukin da yawa daga cikinsu. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi, ƙaramar hukumar Girei, domin waɗanda ba su iya komawa gida ba. Cikinsu akwai iyalai Musulmi, kuma cocin ta gina musu masallaci a wurin. Haka ma 'yan ƙungiyar agajin Katolika ta St. Vincent de Paul, wadda Frédéric Ozanam da abokansa ɗalibai suka kafa a Paris a 1833, ƙa'idarsu ita ce su bi mabuƙata gida-gida ba tare da duba addini ba.

To amma zargin bai faɗo daga sama ba. A zamanin mulkin mallaka, makarantun mishan su ne babbar ƙofar shiga addinin, kuma Bishop Joseph Shanahan ya dogara da makaranta wajen yaɗa Katolika a ƙasar Ibo. Tarihin nan gaskiya ne. Haka kuma samun doka a rubuce ba ya nufin kowane mai rabon kaya yana kiyaye ta.

Sai batun baftismar nan take. Wannan ƙarya ce, in ban da mutumin da yake bakin mutuwa kuma ya nema da kansa. Tun 1972 cocin ta fito da tsarin karɓar manya mataki-mataki. Mutum zai fara zuwa yana tambaya, ba tare da wani alkawari ba. In ya ga zai ci gaba, sai a karɓe shi a matsayin mai koyo, ya riƙa zama a ajin katikis, yawanci bayan ibadar Lahadi, tsawon shekara ko fiye. A Lahadin farko ta azumin kwana 40, a kan rubuta sunayen waɗanda suka shirya a gaban Bishop. Baftismar kanta sai daren Asabar, jajibirin Ista: a hura wuta a ƙofar coci, a kunna babban kyandir, a zuba wa mutum ruwa sau uku a ka, uban baftismarsa ko uwar baftismarsa na tsaye a gefe, sannan a yafa masa farin tufafi. Kafin wannan daren, kowa na iya janyewa.

Sauya suna ma ba dole ba ne. Sashe na 855 na kundin dokokin cocin cewa kawai ya yi kada sunan ya saɓa wa tarbiyyar Kirista, don haka Danladi ko Talatu na iya riƙe sunansu, ko da yake da yawa sukan ƙara sunan wani waliyyi don son ransu. Wanda kuma ya zo daga wata ɗarika, kamar Angilikan, ba a sake masa baftisma muddin an yi ta farkon da ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Talauci ma ba ya hana baftisma, domin sashe na 848 ya hana Fada, wato limamin coci, ya ƙi yi wa matalauci saboda rashin kuɗi.

Akwai dai zance ɗaya da gaskiya ne ɗungurungum: mai mata fiye da ɗaya ba a yi masa baftisma sai ya zauna da guda. Sashe na 1148 ya ba shi damar zaɓen wata in zama da uwargida zai yi masa wuya, ya kuma ɗora wa Bishop alhakin tabbatar da cewa ba a bar sauran matan ba ci ba sha. Shi ya sa a ƙauyuka ake samun dattawan da suka shekara da shekaru suna zuwa coci, 'ya'yansu duk an yi musu baftisma, su kuwa har yanzu suna matsayin masu koyo.