Daga bashin kaka zuwa bashin waya: Abin da ya kamata mai cin bashi a yankin Sundimina ya sani

A garin Sundimina da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, da ƙauyukan Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, kaka lokacin murna ne, kuma lokacin lissafi ne. Kafin buhun shinkafa ko na gero ya shiga rumbu, akwai masu jiran nasu: wanda ya bayar da taki a farkon damina, da mai shagon da aka yi ta karɓar sabulu da man girki a wurinsa, da ɗan'uwan da ya ranta kuɗin asibiti.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai a 'yan shekarun nan mai bin bashin ya sauya kama. A da mutum ne da ake haɗa sahu da shi a masallaci. Yanzu yana iya zama bankin da zai ciri kuɗi daga asusu ba sallama, ko wata baƙuwar murya a waya da ke barazanar tona asiri.

Matsin rayuwa ya ƙara tura mutane ga rance. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki masu yawa a Jigawa. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ya haura kashi 40 cikin 100. A 2025 farashin hatsi ya sauko, amma taki bai sauko tare da shi ba. Manomin da ya ci bashi ya sayi taki da tsada, sai ya zo biya da amfanin gona mai araha.

Tarkon bashin kaka

Bashin kaka tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Wata masaniya 'yar Birtaniya, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 yadda talakan manomi ke sayar da hatsinsa da kaka lokacin da yake araha, sannan ya dawo yana saye da tsada idan damina ta kankama.

Lissafin bai sauya ba. A ɗauki misalin manomin da ya karɓi naira 40,000 a watan Yuni, bisa sharaɗin zai kawo buhu ɗaya da kaka. Idan buhun ya kai naira 60,000 a kasuwar Sara a watan Nuwamba, manomin ya biya ƙarin naira 20,000, wato kashi 50 cikin 100 a wata biyar kacal. Idan kuma ruwa ya ci gonar, abin da ke biyo baya sau da yawa shi ne jinginar da gona, ko sayar da san noma.

Malamai na bambanta abu biyu a nan. Akwai cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko, a fayyace nau'in hatsin da ma'auninsa da ranar kawowa, wanda shari'a ta halatta. Akwai kuma rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa, wanda riba ne. Rigima kan tashi ne idan ba a fayyace wanne aka ƙulla ba, kuma babu takarda balle shaida.

Rancen da aka zata kyauta ne

A watan Nuwamban 2015 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, inda Babban Bankin Najeriya, CBN, ya riƙa bai wa manoma iri da taki da kayan aiki a matsayin rance. Kuɗin da aka raba a shirin sun haura naira tiriliyan ɗaya, kuma dawo da su ya zama babban ƙalubale. A 2020 kuma aka fito da rancen korona ta hannun bankin NIRSAL. Mutane da dama a Arewa sun ɗauki waɗannan kuɗi a matsayin rabonsu daga gwamnati.

Amma rance ne, kuma akwai hanyar karɓo shi. Tun ranar 1 ga Agustan 2020 CBN ya fara aiki da tsarin GSI. Duk wanda ya amince da wannan sharaɗi lokacin karɓar rance ya bai wa banki izinin bin lambarsa ta BVN, ya ciri abin da ake binsa daga asusunsa na wasu bankuna idan ya kasa biya. Saboda haka buɗe sabon asusu a wani banki ba mafaka ba ne.

Tsarin yana da iyaka. Abin da aka yarda a cira ta wannan hanya shi ne uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru, ban da tarar jinkiri. Wanda ya ga an cire masa fiye da ƙima zai fara kai ƙorafi a rubuce ga bankin, ya karɓi lambar ƙorafinsa. Idan ba a warware ba cikin wa'adin da aka ƙayyade, wanda yawanci mako biyu ne, sai ya ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Manhajojin rance da cin mutunci

Ga matasa da ƙananan ma'aikata, sabon tarkon yana cikin waya. Manhajar rance kan turo kuɗi cikin mintuna, ba jingina ba mai tsayawa. A misali, wanda ya karɓi naira 20,000 aka ce ya dawo da 26,000 cikin kwana 14, ya biya kashi 30 cikin 100 a mako biyu. Idan ya makara, wasu kamfanonin kan aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne, ta hanyar lambobin da suka kwashe daga wayarsa.

A garin da kowa ya san kowa, irin wannan saƙo na iya ɓata neman aure ko ya zubar da mutuncin gida. Amma doka ba ta tare da masu aika shi. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Ikeja da ke Legas, daga baya ta wajabta musu rajista. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan waya. A watan Yunin shekarar aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda hukumar NDPC ke kula da ita.

Wanda aka ci wa mutunci ya adana hoton saƙonnin, da lambobin da aka kira shi da su, da shaidar abin da ya riga ya biya, ya kai ƙara ga FCCPC ko NDPC. Cin mutuncin ba ya goge uwar kuɗin da ya karɓa. Shi kuwa wanda aka tsinci lambarsa kawai a wayar mai cin bashi, ba a binsa ko kwabo, matuƙar bai amince ya tsaya masa ba.

Ɗan sanda ba mai karɓo bashi ba ne

Barazanar da aka fi tsorata mutanen karkara da ita ita ce ta kai su caji ofis. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta aikata laifi ba. Sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uba ko mata saboda ɗa ko miji ya gudu da bashi.

Wannan kariya ba ta shafi zamba ba. Wanda ya karɓi kuɗi da takardun bogi, ko ya rubuta cekin da ya san babu kuɗi a asusunsa, ya faɗa hurumin laifi. Bashi na gaskiya kuwa, wurinsa sulhu ne a gaban mai unguwa ko dagaci ko limami, in ya gagara a je kotun shari'a ko wata kotun da ke da hurumi. Kotu ce ke da ikon ba da umarnin riƙe kadara. Mai bin bashi ba shi da hurumin ya shiga gida da ƙarfi ya kwance akuya ko ya ɗauke babur.

Idan mai bin bashi ya kira

Kuskuren farko shi ne kashe waya ko ɓuya a ɗaki a ce wa yara su ce ba ya nan. Gudu yana mayar da mai uzuri ya zama abin zargi. Ya fi sauƙi mutum ya je da ƙafarsa kafin ranar biya ta cika, ya faɗi halin da yake ciki.

Na biyu, a nemi cikakken lissafi: nawa aka karɓa, nawa aka biya, nawa ne ƙari. Idan kiran daga banki ne, a tabbatar a reshen bankin kafin a tura kuɗi. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrin kati ta waya.

Na uku, kada a yi alƙawarin da ba za a iya cikawa ba. Naira 5,000 duk ranar kasuwa da ake kawowa a kan lokaci ta fi alƙawarin 50,000 da za a saɓa. Duk abin da aka biya a karɓi rasit, ko a biya gaban shaidu.

Na huɗu, a jera basussukan a takarda ɗaya. A fara da wanda gona ko gida ke jingine a kansa, sai wanda ƙarinsa ke hawa da sauri. Cin sabon bashi a wata manhaja don toshe na wata, haƙa rami ne a cike rami. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta bai wa kowa damar karɓar rahoton basussukansa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke adana su, irin su CRC da FirstCentral.

Haƙƙi a kan kowane ɓangare

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin rukunai takwas da ake bai wa zakka. Haka nan malamai na gargaɗin cewa mai hali da ke jan ƙafa wajen biya zalunci yake yi.

Bashi ba ya mutuwa da mai shi. Kafin a raba gado, sai an fitar da shi daga dukiyar mamaci. Idan babu takarda, marayu ne ke zama tsakanin mai da'awar gaskiya da mai ta ƙarya, wani lokaci gonar gado ce ke tafiya. Takarda ɗaya mai ɗauke da adadi da ranar biya da sa hannun shaidu biyu, wadda matar gida ko babban ɗa ya san inda take, tana iya hana hakan.