Saniya da tabarau, raƙumi da kwalliya: abin da waya ke kawowa zangon Alhilla Kuku

Shirinmu na wannan mako ya duba hotuna da bidiyon dabbobi da ke yawo a WhatsApp da Facebook, irin waɗanda ake miƙa wa juna a wajen mai shayi ana dariya. Mun ɗauki Alhilla Kuku a matsayin misali don unguwa ce ta masu shanu. Tana ɓangaren Bahri, gabas da Kogin Nilu, kuma garakenta sun daɗe suna shayar da Khartum da Omdurman madara. A nan ne kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan ke da kwalejin likitocin dabbobi. Mutumin Kuku ya san saniya, ko Kenana ce, ko Butana, ko ruwa-biyu da Firiziyan. Abin tambaya shi ne ko ya san saniyar da ke cikin waya.

Mu fara da mai ban dariya. A watan Nuwamba na 2019 ma'aikatar noma ta yankin Mosko, a Rasha, ta fitar da hoton saniya sanye da wani ƙaton tabarau mai nuna mata koren fili na damina alhali tana tsaye a garke. Suka ce hankalin shanun ya fi kwanciya. To, madalla. Amma wanda ke sayen dusa da ƙuli da tsada ya san kallon ciyawa ba ya cika tumbi.

Akwai kuma waɗanda suka yi kama da wasa, alhali gaskiya ne. A Japan, a 2019, masu bincike sun shafa wa baƙaƙen shanu farin fenti layi-layi kamar jakin dawa. Ƙudaje masu cizo da ke sauka a jikinsu suka ragu da kusan rabi, shanun suka rage buga ƙafa da kaɗa wutsiya. Zanen yana ruɗa idon ƙuda ne lokacin da zai sauka. Sai dai shanu shida kacal aka gwada, kuma fentin yana gogewa cikin 'yan kwanaki. Mai shanu ɗari da ke fama da bobuwa a damina sai ya lissafa kuɗin fenti tukuna.

Na Botsuwana ya fi ƙarfi. A can an zana idanu biyu a ɗuwawun shanu, aka bi su shekara huɗu, aka fitar da sakamako a 2020. Cikin shanu 683 masu zanen ido, zaki bai kashe ko ɗaya ba. Cikin 835 da ba a yi wa komai ba, an kashe 15. Dalili shi ne zaki da damisa kwanton ɓauna suke yi, in sun ga kamar an gan su sai su fasa. Ɓarawon shanu kuwa, wannan ido ba ya ba shi tsoro.

Sai na Saudiyya, wanda ya fi kusa da aljihunmu, tunda can ake kai tumakin Hamari da Kabbashi ta Sawakin. A bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz an kori raƙuma 12 daga gasar kyau a watan Janairu na 2018, aka kuma kori fiye da 40 a Disamba 2021. Laifinsu? Masu su sun yi musu allurar Botox da wasu dabaru don leɓe ya saki, hanci ya yi girma. An sha dariya, amma ku lura: ƙwararru ne a tsaye, da na'urori a hannu, kafin suka gano. Ina ga wanda aka turo wa hoto daga nesa?

Algus a kasuwar dabbobi ba yau aka fara ba. Kowa ya san ragon da aka ɗura wa gishiri da ruwa don ciki ya tashi. Waya ta ƙara wasu ne kawai. A durƙusa a ɗauki hoto daga ƙasa, ɗan tunkiya ya koma bijimi. A ɗauki bidiyon garken wani a ce nawa ne, a nemi kafin alƙalami. Yanzu ma kwamfuta tana ƙera hoton dabbar da ba a taɓa haifa ba. Idan ciniki ya zama dole daga nesa, a nemi kiran bidiyo kai tsaye: a buɗe baki a ga haƙora, a sa dabbar ta yi tafiya, in saniyar tatsa ce a tatse ta kana kallo. A kasuwannin Sudan, har da Muwailih da ke yammacin Omdurman, akwai damin, wato mai lamunin cewa dabba ba ta sata ba ce, kamar yadda maigida ko fatoma yake a kasuwanninmu na yamma. Shafin Facebook ba shi da damin.

Hoton da ya fi cin dukiyar mutane ma ba na dabba ba ne, na kuɗi ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, bankuna da yawa a Khartum suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum. Canjin takardun fam 500 da 1,000 a ƙarshen 2024 ya ƙara tura mutane can. Mai saye ya tura kuɗi, ya nuna maka shaidar da ake kira ish'ar, ka saki igiya. Macuta kuwa sun koyi haɗa ish'ar na bogi, da sunanka, da lambar asusunka, da adadin kuɗin, komai daidai. 'Yan Najeriya sun sha wannan a farkon 2023, lokacin canjin naira, da sunan alat na ƙarya.

Maganin ba ya buƙatar boko mai zurfi. Ba a wayar mai saye ake duba kuɗi ba, a taka ake dubawa. Ka buɗe manhajar da kanka, ka ga abin da ke asusun ya ƙaru da adadin da kuka yi. Saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Wanda bai iya karatu ba ya sa ɗansa ko amininsa, ba yaron mai saye ba. In aka ce sabis ne ya hana kuɗin shiga, to dabba ta kwana a turkenta. Wannan ba raini ba ne, domin sabis na iya ɗaukewa da gaske: a Fabrairun 2024 layukan waya sun mutu a yawancin Sudan, mutane suka riƙa biyan kuɗi a wuraren Starlink don kawai su duba asusu.

Masu ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa su tuna Bankak fam yake ɗauka, ba sefa ko naira ba. Duk wanda ya ce ya turo daga Maraɗi ko Kano, ta hannun ɗan canji ya bi. A tambayi sunan ɗan canjin, a kira shi a ji daga bakinsa kafin a loda mota.