Kajin Maƙwabciya da Tagar Ɗakinmu

(Sautin carar zakara da kukan 'yan tsaki)

Wannan sauti da kuka ji babu wanda bai san shi ba. Da shi muka tashi, da shi kakanninmu suka riƙa sanin asuba ta gabato tun kafin agogo ya shigo ƙasar nan. Shirinmu na yau a kan kaji yake, amma ba kiwonsu zan koya muku ba. Magana zan yi a kan abin da kan faru idan kaji suka shiga tsakanin gida biyu da katanga ɗaya ta raba.

A dā rigimar kaza ba ta da tsawo. Kazar wance ta haura ta tone shanyar barkono, ko ta zubar da tsakin da aka baza a tabarma, ko ta shiga ta tsattsage 'yar shukar alayyahun da ke bayan ɗaki. Sai a kore ta, a aika yaro ya ce, "Wai in ji Inna a kama kaji, mun yi shanya." A kife su da kwando zuwa la'asar, shi ke nan. Kowa yana haƙuri domin kowa yana da tasa kazar, kuma in baƙo ya sauka da daddare ba ka san zakaran wa za ka nema ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da tattauna wannan. Game da dabbobin kiwo sun bambanta ɓarnar dare da ta rana: da dare mai dabba ne ke da alhakin tsare abinsa, da rana mai shuka ne ke lura da shukarsa. Da aka zo kan kaji da tantabaru da ƙudan zuma, waɗanda ba sa jin kora kuma shinge ba ya tare su, sai suka yi saɓani. Wasu suka ce hukuncinsu ɗaya da sauran dabbobi, wasu suka ce in suna cutar da mutane a hana mai su.

To amma kiwon da ake yi yau a birane daban yake. Je ka unguwannin bayan ganuwar Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ka leƙa gidaje. Ba kaza biyar da zakara ɗaya za ka tarar ba. Kajin gidan gona ne, 50, 100, wani lokaci 200, a cikin ɗan lungun da ke tsakanin banɗaki da katanga. Ana sayo su 'yan kwana ɗaya, a mako 6 zuwa 8 sun isa yanka. Ba sa fita, ba sa tone shanyar kowa. Ci kawai suke yi suna kashi. Kaji 100 da suka girma suna iya zubar da kashin da ya kai kilo 10 a yini guda, a fili ɗaya, kullum. Wannan ba a kife shi da kwando.

Ni kaina na ɗanɗana, shi ya sa maganar take ci mini rai.

Maƙwabciyarmu dattijuwa ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Wata shekara da Babbar Sallah ta faɗo cikin damina, ta zuba kaji 100 a jikin katangar da ta raba mu, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin da 'ya'yana ke kwana. Makon farko ba mu ji komai ba sai 'yar tsuwwar 'yan tsaki. Mako na uku iska ta fara sauyawa. Mako na huɗu aka yi ruwa kwana biyu a jere, sai ga wani wari mai yaji, irin wanda ke shiga ido kafin ya shiga hanci. Ƙudaje suka cika tsakar gida. In an zuba abinci sai an sa yaro ya tsaya da maficci. Ƙaramar 'yata, wadda dama ƙirjinta ba shi da ƙarfi, ta fara tarin dare. Muka rufe taga, ga zafi, ga babu wuta.

Kun san abin da muka yi? Shiru. Shirun nan namu na kawaici, wanda a waje yake kama da haƙuri, a ciki kuwa wuta ce ke ci. Maiɗakina ta daina aika kwanon abinci gidan ranar Juma'a. Aka hana yara shiga can wasa. Gaisuwa ta koma ta baki kawai. Na kai ƙorafi wurin abokaina a majalisa, na faɗa wa mai shago, na faɗa wa wanzamina. Unguwa duk ta sani, in ban da mutum ɗaya.

Ranar da na yanke shawarar kiran duba-gari, na fara biyawa ta wurin mai unguwa domin kada a ce na tsallake shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ita Hajiyar me ta ce da ka gaya mata?" Na ce ban gaya mata ba, ai tana ji. Ya girgiza kai. Ya ce, "Kai ne kake ji. Je ka tura iyalinka tukuna. In bai yiwu ba ka dawo, ni zan taka da ƙafata."

Da la'asar maiɗakina ta ɗauki mayafi ta shiga. Daga baya ta ba ni labarin yadda aka yi. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, wata 'yar magana ce ta kawo ni, don Allah kada ki ɗauke ta da zafi. Warin kajin nan yana shigo mana ɗakin yara, har auta ba ta barci." Hajiya ta yi tsit. Can ta ce, "Ƙanwata, wari? Wallahi ni ban ji ba. Tun yaushe?" Da aka ce mata an fi mako uku, sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Shi ne kuka bar ni ina cutar da ku ban sani ba? Ni na ɗauka wani laifi yarana suka yi muku."

Kuma gaskiya ta faɗa. Hancin mai kiwo yana sabawa. Wanda ke shiga akurki sau biyar a rana yakan daina jin abin da baƙo zai ji tun daga zaure. Wannan shi ne abin da masu ƙorafi da yawa ba su gane ba: suna ɗauka rainin hankali ne, alhali sau da yawa rashin sani ne.

Washegari na shiga da kaina, tare da babban ɗanta. Abin da na gani ba mugunta ba ce. Mazubin ruwa ɗaya ya tsage yana ɗiga dare da rana. Kwanon rufin ya yi gajere, feshin ruwan sama yana shiga. Dusar katakon da aka shimfiɗa tun ranar farko ba a taɓa sauya ta ba, ta jiƙe ta dunƙule kamar taɓo. Kuma kajin sun yi wa wurin yawa, domin masana kiwo kan ce kada a wuce kamar kaza 10 a kowane murabba'in mita. Busasshen kashin kaji ba shi da wari sosai. Danshi ne ke tayar da iskar nan mai yaji da ake kira amoniya, kuma kajin da ke kwance a kai su ta fara yi wa illa a ido da huhu. A cikin danshin nan ne ƙuda ke zuba ƙwai, in da zafi kuwa kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya zama ƙuda mai tashi. Ashe abin da ke hana 'yata barci shi ne yake kashe wa Hajiya kaji ɗaya-ɗaya tana cewa tsautsayi ne.

Muka kwashe shimfiɗar nan, aka zuba ɓuntun shinkafa busasshe. Aka sauya mazubin ruwa, aka ƙara falle biyu na kwano. Kashin da a dā ake turawa rariya ya bi ta ƙofar gidana, yanzu a buhu ake ɗurawa, masu lambu suna zuwa su saya, domin taki ne mai ƙarfi.

Kada wani ya ji wannan labari ya ce ashe nauyin a kan maƙwabci yake. A'a. A ganina nauyin farko yana kan mai kaji. Kai ne za ka ci riba, saboda haka kai ya kamata ka fara sallama a gidan da ke jikin naka tun kafin 'yan tsaki su iso, ka ce ga abin da nake shirin yi, ina tagoginku suke? Kalmar nan ta "gidana ne, in ga dama in yi abin da nake so" ba ta da gurbi a nan. Gidanka ne, amma iskar ba taka ba ce. Mai zakaran da ke cara ƙarfe uku na dare a gindin tagar majiyyaci shi ma ya sani: kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in ƙyanƙyasa ake so. In ƙwan ci kake nema, zakaran nan ba dole ba ne.

Akwai kuma abin da ya wuce wari. Masu shekaru za su tuna watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Kano, ta kuma tsallaka Magarya a Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 aka tabbatar ta yi ajalin wata mata a Legas. Ga kuma ciwon nan da ke share kajin unguwa duk lokacin hunturu, wanda yake da allurar rigakafi, har cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana yin ta. Saboda haka in kaji suka fara mutuwa da yawa a kwana ɗaya ko biyu, wannan ya tashi daga sirrin gida. A kira likitan dabbobi, a sanar da maƙwabta masu kaji, a binne mushen da zurfi. Jefa shi a bola ko a kwata cin amanar unguwa ne.

Kai kuma da aka cutar, akwai abin da nake roƙonka da girman Allah. Kada ka zuba guba a tsaki. Ana yi, mun sani, kuma sau da yawa ba kazar da aka nufa kaɗai ke ci ba. Akuyar wani za ta lasa, yaro mai rarrafe zai ɗauka, wani ma ya yanka kazar da ta fara layi ya kai tukunya. In magana ta gagara, ga mai unguwa, ga limamin masallacinku, ga dagaci. A Kano Hisbah na zaman sulhu irin wannan. Duba-gari aikinsu ne su duba tsaftar muhalli, kotu kuma tana nan. Amma duk wanda ya fara da kotu ya sani, ko ya yi nasara, gobe da asuba da wannan maƙwabcin zai haɗu a sahu.

Ba zan ce muku komai ya zama daidai tsakaninmu da kajin Hajiya ba. Ta rage su zuwa 50, ta matsar da akurkin ɗaya gefen, amma har yanzu in watan Agusta ya yi nauyi, iska takan kawo mana labarinsu. Bambancin shi ne yanzu maiɗakina takan leƙa ta kan katanga ta ce, "Hajiya, yau fa mun ji baƙinki." Ita kuma ta amsa, "To ƙanwata, bari yaran su dawo daga makaranta a kwashe." Ranar jajiberin Sallar da ta wuce, autarta ta yi sallama a ƙofarmu da kaza a hannu, an ɗaure mata ƙafa da tsumma, ta ce wai in ji Hajiya a yi wa mai tari farfesu.