Ciyayyar Ɗaliban Azhar a Alƙahira

Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Damagaram ya sauka Alƙahira don karatu a Azhar, yawanci da wake ake yi masa maraba. Da sassafe zai ga mutane sun yi cincirindo a bakin titi, sun kewaye wani keken katako mai ɗauke da tukunya mai ƙaton ciki da siririn wuya, kamar tulun da aka kishingiɗar. Ful ne a ciki, wani wake mai faɗi da ya kwana yana nuna a kan 'yar wuta. A kwaso, a zuba mai da lemon tsami da gishiri, a miƙo da gurasa. A tsaye ake ci, direba da leburan gini da malamin makaranta kafaɗa da kafaɗa.

Misirawa ba sa wasa da wannan gurasa. Aish suke kiranta, wato rayuwa. A watan Janairun 1977, da gwamnatin Anwar Sadat ta janye tallafin kayan masarufi, tarzoma ta ɓarke a biranen ƙasar har sai da aka janye matakin. Gurasar tallafi ta shafe fiye da shekara 30 ana sayar da ita kirshi 5, sai a 2024 aka mayar da ita kirshi 20.

Baƙin ɗalibai kuwa sun daɗe suna cin gurasar Alƙahira. Fatimawa ne suka gina masallacin Azhar tsakanin 970 da 972, kuma da tafiya ta yi tafiya aka kasa wa ɗalibai masauki a jikinsa gwargwadon inda suka fito. Kowane sashe ana kiransa riwaƙi: akwai na mutanen Magrib, na Turkawa, na mutanen Jawa, akwai kuma na Barnawa. Daga dukiyar waƙafi ake raba musu gurasa, rabon da ake kira jiraya. A ƙarshen shekarun 1950 aka buɗe Madinatul Bu'us a unguwar Abbasiyya, wani gari guda na baƙin ɗalibai, da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci. Waɗanda ba su samu gurbi ba sukan haɗa kuɗi su kama haya, da yawa a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir, inda ɗan Indonesiya da ɗan Somaliya da ɗan Najeriya ke hawa bene ɗaya.

Makonnin farko akwai wuya. Harshen da ya saba da yaji sai ya ji komai salam. Koshari, abincin da ake alfahari da shi a kowane lungu, kan ɗaure wa sabon zuwa kai: shinkafa da taliya da makaroni da ƙananan waken adas a kwano ɗaya, a sama miyar tumatir da soyayyar albasa, a gefe ruwan tafarnuwa mai tsami. Babu nama ko yanka ɗaya. Amma yana da arha, yana riƙe ciki tun daga darasin safe har la'asar, kuma kafin a ci rabin shekara wanda ya yatsine fuska shi ke nuna wa na bayansa shagon da ya fi iya soya albasa.

Daga nan sai a fara gane dangi. Mulukiyya, koriyar miyan nan mai yauƙi da Misirawa ke dafawa da romon kaza ko na zomo, su ƙara mata ƙamshi da soyayyar tafarnuwa, ba komai ba ce illa lalo, wadda Hausawan Gana ke kira ayoyo. Masana tarihi sun ruwaito cewa wani halifan Fatimawa, Alhakim, ya taɓa haramta cinta, dokar da ba ta yi ƙarko ba. Bamiya kuɓewa ce. Karkade zoɓo ne, sai dai su har da zafinsa suke sha kamar shayi. Tamar hindi tsamiya ce, habbul aziz aya ce. Hatta goruba, wadda yara ke gwagwiya a hanyar makarantar allo, a can jiƙa ta ake yi a sayar da ruwanta da sunan dom, a jere da sauran abin sha na buɗa baki. Shinkafar Masar ma, gajera mai danƙo, kamar don tuwo aka halicce ta; in ta yi tsada a tuƙa na garin samid.

Inda daɗin yake shi ne daren Juma'a ko ranar da aka gama jarrabawa. A gida ana kiran abin ciyayya: kowa ya fito da akushinsa ƙofar gida a haɗu a ci. Ɗalibai sun tafi da al'adar, sai suka tarar kowace ƙasa tana da irin tata. A shimfiɗa leda a tsakar ɗaki. Ɗan Uzbekistan ya kawo shinkafarsa da aka dafa da karas da naman rago a ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Ɗan Senegal ya kawo ta kifi, ja wur. Ɗan Malesiya ya kawo wadda aka dafa da madarar kwakwa, da ƙananan busassun kifi da gyaɗa a gefe. Bahaushe ya sauke tuwo da miyar kuka, ya warware ƙullin yajin da mahaifiyarsa ta daka. Ɗalibai mata a nasu ɓangaren sun fi maza nisa a wannan fage, don su har koya wa juna girkin suke yi.

Ba kullum ake rabuwa ana yabon juna ba. Bahaushe kan yi turus in ya ji zaƙin sukari a cikin miyar nama ta mutanen Asiya. Su kuma yauƙin kuka da rashin tauna tuwo kan ba su tsoro. Akwai wanda zai yi ta tauna loma ɗaya yana neman inda za ta ƙare. Sai rigimar wari. Mutanen Indonesiya da Malesiya suna da wani curin jatan lande da aka bari ya ruɓa, terasi ko belacan, wanda in aka gasa shi duk benen sai ya sani. Mai toshe hanci saboda shi ya manta cewa daddawarsa ma haka take yi wa maƙwabta. Aiki ɗaya suke yi a tukunya, kuma da zarar ɓangarorin biyu sun gane haka, sai tsiya ta koma raha. A wajen barkono kuwa ba a jayayya: sambal na Indonesiya da yajin Hausa sun san juna, ɗan Masar ne ke tashi neman ruwa.

A wajen ciyayyar nan ake koyon Larabcin da babu shi a littafin nahawu. Ɗan Tailan da ɗan Nijar ba su da wani harshe na tarayya sai shi, dole a lallaɓa a ce miƙo gishiri. A nan ake sanin cewa itfaddal ita ce bisimillarmu ta tayi, kuma ba kowane tayi ake amsawa ba. Misirawa suna da suna na musamman ga tayin fatar baki: uzumat marakbiyya, gayyatar masu jirgin ruwa, wato wanda ke tsakiyar kogi ya ce wa na bakin gaɓa zo mu ci. In kuwa aka ci tare da gaske, sukan ce gurasa da gishiri sun shiga tsakani, cin amana bayan haka babban abin kunya ne.

Garin da kansa yana ƙara buɗe wa ɗalibi baki. Gidajen abincin Yamalawa a Dokki suna da mandi. Siriyawan da yaƙi ya koro tun daga 2011 sun cika birnin Sitta Oktoba da shawarma. Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, unguwar Faisal ta ƙara cika da masu asida da kisra da miyar busasshiyar kuɓewa. A wajensu ake samun agashe, naman da aka barbaɗe da garin gyaɗa da yaji aka gasa, wanda Sudanawa da kansu ke danganta shi da Hausawan ƙasarsu. Ɗalibi ya biya kuɗin mota ya tsallaka Nilu, ya tarar da tsiren garinsu ya riga shi zuwa ta wata hanya.

A watan azumi tukunyar ɗaki kan huta. Ana jera dogayen tebura a tituna, ma'idatur Rahman, duk wanda magariba ta riska ya zauna, ba a tambayarsa daga ina yake. A harabar masallacin Azhar ma ana shirya buɗa baki na dubban mutane, baƙin ɗalibai a sahun gaba.

Saboda haka uwar da ke haɗa wa ɗanta kaya zuwa Alƙahira, kada ta ɓata nauyin jaka da zoɓo ko tsamiya, suna nan jibge a shagunan masu kayan ƙamshi. Ta cika da kuka da daddawa da kilishi, ta kuma ninka yajin, domin ba shi kaɗai zai ci ba.