Stefania Jablonska: Likitar da ta danganta tsiron fata da ciwon sankara

An haifi Stefania Jablonska, 'yar ƙasar Poland, a 1920, ta kuma rasu a 2017. Ta shafe shekaru masu yawa tana nazarin ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa ƙananan tsiro a fata.

Yawancin mutane garkuwar jikinsu na kawar da ƙwayar. Amma akwai wasu 'yan ƙalilan da suka gaji rauni daga iyayensu, sai tsiron ya mamaye musu jiki. A 1972, Jablonska ta nuna cewa a wajen irin waɗannan mutane tsiron kan rikiɗe ya zama sankarar fata. A 1978, ita da Gerard Orth na Cibiyar Pasteur da ke Faransa suka gano nau'in HPV-5 a cikin sankarar.

Wasu nau'o'in HPV ne ke jawo sankarar bakin mahaifa. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta a Oktoban 2023, ya iso Jihar Gombe a 2024. Iyaye a Arawa da sauran unguwanni na iya kai 'ya'yansu mata cibiyar lafiya mafi kusa.